Me ya kamata ɗan aji ɗaya ya fara ji a darasin ilimin halayyar ɗan Adam?

SabonMalami:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin iyayenmu malamai da ke zauren nan. A wannan zangon an ba ni kwas ɗin gabatarwa na ilimin halayyar ɗan Adam, na 'yan aji ɗaya, kuma wannan ne karo na farko da zan riƙe aji ni kaɗai. Ɗaliban sun haura ɗari biyu, da yawansu ma ba 'yan sashenmu ba ne, tilas ce ta kawo su. Na duba takardun da wanda ya riƙe kwas ɗin kafin ni ya bari, sai na tarar makonni uku na farko duk tarihi ne: Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879, William James ya fitar da babban littafinsa a 1890, sai Freud, likitan nan na Austriya, sai Watson a 1913, sunaye da shekaru dai a jere. Mu ma haka aka koya mana. Muka haddace, muka juye a takardar jarrabawa, muka fito babu abin da ya zauna. Ranar rajista na tambayi ɗalibai biyar me suke sa ran koya. Uku suka ce gane abin da ke zuciyar mutum ta kallon fuskarsa, ɗaya ta ce maganin masu taɓin hankali, na biyar ya ce shi bai sani ba. To da me zan fara? In bi tarihin yadda na gaje shi, ko akwai ƙofar da ta fi?

TsohonLakcara:
Wa alaikumus salam. Allah ya taya ka riƙo, ɗana. Na shafe sama da shekara ashirin ina koyar da wannan kwas, kuma shekaru goman farko yadda ka bayyana nake yi. Daga baya na canza, ga abin da nake yi a ranar farko.

Ina shiga, bayan sallama, sai in ce kowa ya ajiye biro. In ce zan karanto kalmomi, a saurara kawai. Sai in karanto a hankali: gado, filo, bargo, dare, mafarki, minshari, gajiya, hamma, gyangyaɗi, kwanciya, hutu, farkawa. In ɗan ja su da wata magana ta minti ɗaya, sannan in ce kowa ya rubuta abin da ya tuna. Idan sun gama sai in tambaya, wa ya rubuta "bargo"? Hannuwa su tashi. Wa ya rubuta "barci"? Nan ma hannuwa su tashi, da yawa kuwa. Sai in ce musu ban faɗi barci ba. Ajin sai ya ɗauki hayaniya. Akwai shekarar da wani yaro ya miƙe ya ce wallahi ya ji ta da kunnensa, har ya ce ita ce ta huɗu ko ta biyar. Tun daga lokacin nake naɗar muryata a waya kafin in fara, in sake kunna musu su ji da kansu. Na ga fuskar wani yaro irinsa lokacin da ya gama sauraro, ya koma ya zauna shiru yana duba takardarsa.

Ba ni na ƙirƙiro gwajin ba. James Deese ya fara shi a 1959, Roediger da McDermott suka farfaɗo da shi a 1995. Abin da nake so su fita da shi a ranar guda ɗaya ne: mutum zai iya sakankancewa a kan abin da ya faru cikin kansa mintuna biyu da suka wuce, kuma ya zama bai faru ba. In har haka ne, tambayar mutum "me ka ji, me ka tuna" ba ta isa ba, sai an auna. Wanda ya ɗanɗani wannan, in ka zo masa da labarin Wundt mako mai zuwa zai gane dalilin buɗe ɗakin gwajin. Gani ya kori ji.

Ummu_Safwan:
Baba, yanzu na gwada wa mutanen gidanmu su huɗu. Uku sun rubuta barci. Ikon Allah.

Garba_Tarihi:
Ina girmama Baba TsohonLakcara, amma ina da ja. Laifin ba na tarihi ba ne, na yadda ake koyar da shi ne. In ka ba ɗalibi sunaye da shekaru kamar jerin sarakuna, dole ya gaji. Amma tarihin fannin nan rigima ce daga farko har yau, kuma matasa suna son rigima. Mutanen Wundt suna horar da mutum ya duba cikin kansa ya faɗi abin da yake ji, suna kuma auna saurin amsawarsa. Ɗakin gwaji kaza ya ce ga abin da aka gani, wani ya ce a'a, kuma babu alƙalin da zai raba su tunda ba wanda ke ganin cikin kan wani. Shi ya sa Watson ya tashi a 1913 ya ce a bar zancen abin da ke ciki gaba ɗaya, a tsaya a kan abin da ido ke gani, wato aikin da mutum ko dabba ke yi. Aka yi shekaru a kan haka, Skinner ya kai abin ƙololuwa da akwatin da yake horar da ɓeraye da tattabaru a ciki. Sai a shekarun 1950 wasu suka ce to harshe fa, tuna abu fa, yaya za ka bayyana su in ka rufe ƙofar tunani? Aka sake buɗe ta. Wanda bai san wannan ja-in-jar ba, zai ɗauka babi-babin littafinsa tarkace ne aka tara wuri ɗaya. Wasan kalmomi yana da daɗi, amma ina jin tsoron ɗalibi ya ɗauka duk zangon haka za a yi ta yi.

ƊanAjiBiyu:
Malamai ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ya yi kwas ɗin bara. Ni ina cikin masu zuwa don su koyi karanta fuska, gaskiya. Abin da ya fi ba mu wahala ba tarihi ba ne. Lissafi ne. Ba wanda ya gaya mana akwai ƙididdiga a fannin nan, kwatsam a tsakiyar zango aka fara zancen matsakaici da karkata da samfuri. Wasu abokaina sun zaɓi fannin ne don gudun lissafi, biyu daga cikinsu sun nemi canjin sashe. Malam SabonMalami, don Allah ka faɗa musu tun makon farko, ko da ba za ka koyar ba.

Ƙididdiga77:
ƊanAjiBiyu ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Amma kar a fara musu da alƙaluma, a fara da labarin doki. A farkon ƙarni na 20 akwai wani doki a birnin Balin na Jamus mai suna Hans, da aka ce ya iya lissafi. A tambaye shi uku a tara da huɗu, ya buga kofato sau bakwai ya tsaya. Mai shi ba maƙaryaci ba ne, shi ma ya yarda. Ko da wani baƙo ya yi tambayar, dokin yakan ci. Sai Oskar Pfungst ya zo ya yi abu mai sauƙi: ya sa wanda bai san amsar ba ya yi tambayar, ya kuma gwada kare idon dokin don kar ya ga mai tambaya. Dokin ya dinga faɗuwa. Ashe yana lura ne da ɗan motsin kai da sakin jiki da mutum ke yi ba da saninsa ba idan bugun ya kai adadin da ake so. A 1907 ya wallafa sakamakon.

Ka ba su labarin har zuwa inda kowa ya gaskata dokin, sai ka tsaya ka ce, ku ne Pfungst, me za ku gwada? Za ka sha mamakin abin da za su kawo. Da bakinsu za su ƙirƙiro maka tsarin gwaji kafin ka ba shi suna. Haka zancen alaƙa da sababi: ka ce musu a makarantar firamare yaran da ƙafarsu ta fi girma sun fi iya karatu, shin a ja wa yara ƙafa? Wani zai ce ai shekaru ne, Malam. Shi ke nan, ya gano abu na uku da ke ɓoye.

Abu_Huzaifa:
Ni damuwata dabam ce. Kullum sai a ce fannin ya fara a 1879, kamar kafin nan ba wanda ya taɓa tunani a kan ran ɗan Adam. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdan wal Anfus, ya yi babi a kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke saukar wa mutum haka kawai, wanda ya danganta da jiki. Ya ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Me ya sa ɗalibi zai san Freud bai san wannan ba? Kuma shi Freud ɗin, wasu maganganunsa a kan yaro da iyayensa, in ka faɗa wa ɗan shekara sha takwas ba shiri, ko dai ya tsani fannin ko ya rikice.

DaktaBinta:
Malam Abu_Huzaifa, na yarda da kai a kan al-Balkhi, ni ma ina saka shi, kuma Allah ya jiƙan Farfesa Malik Badri na Sudan da ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci ya sa duniya ta san shi. Amma a faɗa wa ɗalibai abin yadda yake. Shekarar 1879 ba ita ce farkon tunani a kan rai ba, farkon ɗakin gwaji ce da aka keɓe wa fannin. Al-Balkhi ya lura, ya yi tunani mai zurfi, bai raba mutane rukuni biyu ya auna ba. Kowanne a ba shi matsayinsa.

Zancen Freud kuma, mutanen waje ne ke ɗauka shi ne fannin. A binciken yau wurinsa kaɗan ne, domin yawancin abin da ya faɗa ba a iya gwada shi a ga ko gaskiya ne ko ƙarya. Awa ɗaya ta ishe shi a zango, kuma a matsayin tarihi.

Abin da ya fi Freud damuna shi ne su wa aka yi binciken a kansu. A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya tarar kashi 68 cikin 100 na mutanen da aka yi nazari a kansu 'yan Amurka ne, kashi 96 kuma daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, alhali waɗannan ƙasashe kusan kashi 12 ne na mutanen duniya. Kuma da yawa ɗaliban jami'a ne. Wani zai ce ai ƙwaƙwalwa ɗaya ce. To akwai zanen nan na layuka biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya ciki ɗaya waje, da ke sa a ga ɗaya ya fi tsawo. A shekarun 1960 Segall da abokan aikinsa suka kai shi al'ummomi dabam-dabam, suka ga ya fi ruɗar Amurkawa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar yake ruɗarsu. In har abin da ido ke gani yana bambanta, ina ga tarbiyya da kunya da zumunci? Ni ina koya wa ɗalibaina su riƙa tambaya duk lokacin da littafi ya ce "mutane suna kaza": waɗanne mutane, su nawa, a ina?

Abu_Huzaifa:
Na karɓi gyara, Dakta. Allah ya ƙara ilimi. Amma har yanzu ina ganin awa ɗayar ma ta yi wa Freud yawa.

Nana_Fassara:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Sunan da muke kiran fannin ma yana cikin abin da ke ɓatar da ɗalibai. In ka ce halayya, abin da ke zuwa ran mutum shi ne kirki da rowa da haƙuri. Ina gani da ji, ina mantuwa, ina barci, ina yadda jariri ke koyon magana? Duk suna ciki. Ni na fi son a ce ilimin tunani da ɗabi'a.

Ummu_Safwan:
Mu dai saikoloji muke cewa a aji, kowa ya gane.

Nana_Fassara:
Kowa ya ji dai, 'yar'uwa. Da an gane, da uku cikin biyar ba su ce wa Malam karanta fuska suka zo koya ba.

MaiJinya_Rabi:
Ni ba malama ba ce, a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aikin jinya, amma ina da roƙo biyu. Na farko, yarinyar da ta ce ta zo koyon maganin taɓin hankali, a bayyana mata bambancin tun da wuri. Likitan ƙwaƙwalwa karatun likitanci ya yi sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Masanin halayya da ke ganin marasa lafiya sai ya ƙara karatu da horo bayan digirin farko, aikinsa gwaje-gwaje da jinya ta hanyar tattaunawa. Kuma da yawan masana fannin ba sa ganin mara lafiya ko ɗaya, suna makarantu, ma'aikatu ko bincike.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina. A cikin ɗari biyun nan, akwai wanda ke fama da damuwa mai tsanani bai gaya wa kowa ba. Ranar da ka karanto alamomin ciwon, zai ji kamar da shi kake. Wani zai tsaya bayan an tashi, ya jira kowa ya fita, ya ce Malam ina da wani aboki da ke jin kaza. Sau da yawa shi ne abokin. Ka saurare shi, kar ka yanke masa hukuncin ciwo, kuma tun kafin ranar ka san ofishin da za ka tura shi da sunan wanda zai gani. Ka kuma ja musu kunne kar su koma ɗakin kwana suna liƙa wa juna sunayen cututtuka. Na ga yarinyar da ƙawayenta suka liƙa mata suna irin wannan, ta daina fita cikin mutane kusan zango guda.

SabonMalami:
Anti Rabi, wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Gobe zan je in nemi mai ba ɗalibai shawara in san shi ido da ido. Na gode.

Sadiq_Masters:
Ga masu son karanta zuciya, akwai maganinsu. A 1948 Bertram Forer ya ba ɗalibansa gwajin hali, bayan mako ya miƙa wa kowa takarda ya ce sakamakonsa ne shi kaɗai. Maganganu ne irin "kana son mutane su so ka", "wani lokaci kana shakkar ko ka yanke shawara daidai". Ya ce su ba takardar maki daga sifili zuwa biyar gwargwadon yadda ta dace da su, matsakaicin ya kai wajen 4.3. Sannan ya tona musu asirin takardar da ya ba kowa. Iri ɗaya ce sak. Malam ka yi musu wannan, ba za su ƙara yarda da masu faɗa wa mutum halinsa a intanet ba.

ƊanAjiBiyu:
Yaya Sadiq, an yi mana wannan, kuma ban ji daɗinsa ba. Malamin ya sa wata ta tashi ta karanta tata, ta ce wallahi kamar ya shiga ranta, har muryarta na rawa. Da ya tona, aji ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Ba ta ƙara ɗaga hannu ba har muka gama. Darasin ya shiga, amma ita ta biya kuɗinsa.

TsohonLakcara:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, kuma shi ya sa na fi son gwajin kalmomi: kowa ya faɗa tare, ba a ware mutum ɗaya. In za ka yi na Forer, a tattara maki a takarda ba suna, kar a tayar da kowa, kuma kai ka fara cewa da kai ne a kujerar da ka ba da huɗu ko biyar. Daga nan ƙofa ta buɗe ta zancen haƙƙin wanda ake gwaji a kansa. Wani mai bincike, Milgram, ya sa mutane sun ɗauka suna jona wa wani lantarki, 26 cikin 40 suka kai har ƙarshe, volt 450, wasu suna gumi suna rawar jiki. Ka tambayi ajin: abin da aka koya ya kai wahalar da aka ba su? Bar su su yi musu.

Ƙididdiga77:
Tunda an zo nan, a yi hattara da gwajin kurkukun Jami'ar Stanford na 1971, inda aka raba ɗalibai, wasu masu gadi wasu fursunoni. Littattafai da yawa har yanzu suna kawo shi kamar an sa wa ɗalibai kaki sai mugunta ta fito da kanta, har aka tsayar da shi a kwana shida maimakon mako biyu. Daga baya an binciko faifai da takardun da suka nuna an zuga masu gadin su tsananta. Kuma a 2015 gungun masu bincike sun maimaita nazari 100 da aka wallafa, kusan kashi 36 ne kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Ɗan aji ɗaya ya cancanci ya ji wannan.

Garba_Tarihi:
A nan kam ban yarda ba. Yaro bai gama shigowa gida ba ka ce masa ginin na tsagewa? Zai ce to me ya kawo ni. A bar wannan sai aji uku.

DaktaBinta:
Malam Garba, in ba mu faɗa ba za su gani a waya, kuma a bakin wanda zai ce musu fannin duka ƙarya ne. Gara su ji daga gare mu, tare da cewa masana fannin ne da kansu suka yi binciken suka fallasa, kuma akwai abubuwan da ake maimaitawa kullum suna fitowa. Gwajin Stroop na 1935 yana nan daram: rubuta kalmar "ja" da shuɗin alli, ka ce a faɗi launin ba kalmar ba, ka ga yadda harshe ke sarƙewa.

Ummu_Safwan:
Wani abu da ba a ambata ba. Mu da muka yi kwas ɗin, abin da ya fi amfanata har yau shi ne darasin mantuwa. Ebbinghaus ya zauna shi kaɗai yana haddar gaɓoɓin da ba su da ma'ana yana auna abin da ya zube, ya wallafa a 1885: mantuwa tana da sauri a sa'o'in farko, sannan ta lafa. Malamarmu ta haɗa mana da binciken 2006 na Roediger da Karpicke, inda masu maimaita karatu suka fi bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe littafi suka gwada tunowa suka wuce su. Daga ranar na daina kwanan zaune daren jarrabawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai a mako na tara aka koya mana. Da a na biyu ne, da ya taimake mu a duk sauran kwasa-kwasan.

SabonMalami:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya zuwa yanzu: ranar farko kalmomin Baba da bayanin rassan fannin da ayyukansa, in kuma sanar da su akwai lissafi. Mako na biyu mantuwa da yadda ake karatu. Na uku dokin Hans. Tarihi sai na huɗu, a matsayin rigima yadda Malam Garba ya ce, in fara da al-Balkhi. Zancen 2015 ban yanke ba tukuna. Abin da ya rage mini shi ne ɗakin da aka ba mu ba lasifika, na baya ba za su ji kalmomin ba. In rubuta a allo in goge?

TsohonLakcara:
Yana yi, amma ɗaya bayan ɗaya, kar su ga jerin gaba ɗaya. Ka rubuta kowace kalma da manyan baƙaƙe a kwali dabam, ka ɗaga daƙiƙa biyu ka kife. Kwalayen su ne shaidarka in musu ya tashi. Ka hana ɗaukar hoto da waya kafin ka fara.

Garba_Tarihi:
Mako na huɗu ya yi nisa, amma ajinka ne. Ka dawo ka gaya mana mutum nawa suka rubuta barci, da kuma nawa suka tuna Wundt ranar jarrabawa.